Bangon Ya Riga Ya Tsage Kafin Tarin Ya Shigo

Tarin ya fara min ne a ƙarshen watan Nuwamba na 2023, lokacin da sanyi ya shigo kowa yana tari, don haka ban ɗauke shi a bakin komai ba. Ni malamar firamare ce, aji uku nake koyarwa, shekara goma sha tara ke nan ina shaƙar ƙurar alli. Duk ranar da maƙogwarona ya yi kaushi, alli nake ɗora wa laifi. Wannan karon ma haka na yi.

Sai dai in gaskiya zan faɗa, labarin bai fara daga tarin ba. Kimanin shekara biyu kafin nan jikina yake yi min magana. Ƙishirwa ta dame ni, irin wadda in na sha ruwa kofi biyu, kafin in ajiye kofin harshena ya sake bushewa. Da dare sai in tashi fitsari sau huɗu, wani lokaci sau biyar. Ina ci sosai amma ina ramewa, abokan aikina mata har suna tambayata sirrin rage ƙiba. Rubutun da na yi da hannuna a allo, in na koma bayan aji sai in ga yana dishi-dishi. Akwai wani ɗan rauni da ƙusa ta ji min a dunduniya, ya kai wata biyu yana ruwa bai rufe ba. Kowanne cikin waɗannan na samar masa dalili: ƙishirwa zafi ne, fitsari saboda yawan shan ruwa ne, ido kuwa shekaru ne, na haura arba'in da biyar. In gajiya ta taso min da rana sai in sha lemon kwalba in ji na ɗan farfaɗo. Ashe ina ƙara wa wuta mai ne.

Abin da ya fi ci min rai idan na tuna shi ne, ni ce ya kamata in fi kowa sani, domin na ga irin wannan a kan mahaifiyata. A 2017 aka gaya wa Inna tana da hawan jini, aka rubuta mata magani. Ta sha na wata uku, ciwon kai ya lafa, ta ajiye. In na yi mata magana sai ta ce, “Ke yarinya, ni lafiyata ƙalau. Mai lafiya ke shan magani?” Na yi shiru, don ni ma a raina ban ga laifin maganar ba. Wata safiya a 2019 ta tashi za ta tsaya, ƙafar dama ta ƙi, bakinta ya karkace. Tun daga ranar Inna take gidana, ɓarin jikinta na dama a shanye. Ni nake yi mata wanka, ni nake juya ta, ni nake ba ta abinci a baki. Na iya auna jininta, na san cewa daga 140 bisa 90 an shiga hawan jini, na san ba a daina maganinsa don an ji sauƙi. Duk wannan ilimin a kan Inna na tsayar da shi. Ban taɓa juya shi kaina ba.

A tsakiyar 2023, watanni kaɗan kafin tarina, mashaƙo ya shigo unguwarmu. Yaron gida na uku daga namu, ɗan shekara shida, ya fara da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro. Kwana biyu wuyansa ya kumbura, yana numfashi da ƙara kamar ana jan zarto. Mahaifiyarsa ta kira ni in duba shi, don a unguwa malamar makaranta ma rabin likita ce. Na haska bakinsa da fitilar waya, na ga wani abu toka-toka ya lulluɓe can ciki kamar fata. Na ce mata kada su kwana. Sun kai shi, an ba shi maganin da ke karya dafin, amma an makara. Ƙwayar mashaƙo tana fitar da dafi ne da ke bin jini ya taɓa zuciya, maganin kuwa dafin da bai riga ya kama jiki ba kaɗai yake iya tarewa. Yaron ya samu sauƙin numfashi har an fara murna, sai zuciyarsa ta tsaya a mako na biyu. Ba a taɓa yi masa allurar nan ta jarirai ba, wadda ake yi sau uku, a mako na shida da na goma da na goma sha huɗu.

Ban taɓa ganin unguwarmu ta motsa kamar wannan makon ba. Da ma'aikatan rigakafi suka zo, iyayen da shekara da shekaru suke rufe musu ƙofa su ne a gaban layi, goye da wani, riƙe da hannun wani. Ni ma na kai autata aka duba katinta. Kuma ba na ganin laifin kowa, abin da ke ɗauke yaro cikin kwanaki dole ya girgiza zuciya. Amma na tsaya a wannan layin da ƙishirwata da ramata, gefena wata maƙwabciya da ƙafafunta suka kumbura har takalmi ba ya shiga, bayana wani dattijo da aka yanke wa yatsan ƙafa biyu. Babu ɗayanmu da ya ga kansa a matsayin marar lafiya. Yara muka kawo.

Tarin nan ya shiga mako na uku, na huɗu. Na je kemis aka haɗa min maganin tari da wasu ƙwayoyi. Ya ɗan lafa ya dawo. Zazzaɓi ya soma zuwa min da yamma, ba mai zafi can ba, ɗan ɗumi-ɗumi da kasala, da dare kuma in jiƙe sharkaf da zufa duk da sanyin da ake yi, sai na canza riga. Na je wani ƙaramin asibiti, aka ɗebi jini, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne da taifot. Na sha maganin duka biyun. Bayan mako uku na koma, aka sake cewa taifot ne bai mutu ba, aka ƙara min wani zagaye. Sau biyu ina gaya musu ina tari, ba wanda ya tambaye ni tun yaushe, ba wanda ya sa abin sauraro a ƙirjina. Daga baya na fahimci abubuwa biyu da har yanzu suke min zafi. Gwajin jinin taifot da ake yawan yi ba abin dogaro ba ne, yana iya nuna akwai alhali babu. Sannan maganin da aka ba ni, sifrofuloksasin, yana cikin jinsin magungunan da ke ɗan danne ƙwayar tarin fuka ba tare da sun kashe ta ba. Shi ya sa nake jin sauƙi na kwana goma, in yi tsammanin na warke, tarin ya dawo da ƙarfinsa. Wata uku na ɓata a haka, kuma kullum ina shiga aji mai yara fiye da hamsin.

Ranar wata Laraba cikin Fabrairu na 2024 ina koya musu jadawalin lissafi na bakwai. Ina cewa suna amsawa, sai tari ya sarƙe ni. Na juya wa yaran baya na sa hankici a baki. Da na cire, na ga jini, ja wur, haɗe da kaki. Na dunƙule hankicin a hannu. Wata yarinya da ke bencin gaba, 'yar ƙarama mai yawan tambaya, ta ce, “Malama, kin ji ciwo ne?” Na ce mata a'a, ku ci gaba, bakwai sau takwas. Muryata na rawa. Fuskokinsu nake kallo, ga tagogin ajin duk a rufe saboda ƙura da sanyi, kuma ni ce na sa aka rufe su.

Washegari maigidana ya kai ni babban asibiti. Likitan da ya gan ni tambaya ɗaya ya fara yi: tun yaushe? Da na ce wata uku, ya ajiye biro ya dube ni. Ya ce duk tarin da ya kai mako biyu, gwajin kaki ake yi masa. Aka tura ni sashen tarin fuka, can gefe, inda benci yake a waje ƙarƙashin rumfa. Nas ɗin da na tarar babbar mace ce, ta kusa sa'ar yayata. Ta ba ni 'yar roba mai murfi ta ce in je fili in ja numfashi sosai sau uku, in kakaro daga ƙasan ƙirji, ba yawu take so ba. Akwai na'urar da ake kira GeneXpert, cikin kamar awa biyu take nuna ko akwai ƙwayar, ta kuma nuna ko ƙwayar tana jin babban maganinta, rifamfisin, ko ta bijire masa. Nawa ya nuna akwai, kuma tana jin magani. Hoton ƙirji ya nuna rami a saman huhun dama.

Ina zaune hawaye na zuba, nas ɗin ta ɗora ni a sikeli. Kilo 52. Ni da na san kaina da 68. Ta yi min gwajin ƙanjamau, ta ce kowa ake yi wa a nan, ya fito babu. Sannan ta kama yatsana ta goge da auduga.

Na ce, “Wannan kuma na mene ne, Sista?”

Ta ce, “Suga za mu duba, Malama.”

Na ce, “Ni ba ni da suga.”

Ba ta ce komai ba, ta soka, ta ɗiga jinin a kan tsinken gwaji. Muka zuba wa na'urar ido tana ƙirge. Ta tsaya a 19.4. Ta juyo da ita ta nuna min, ta ce ko da mutum ya ci abinci yanzu-yanzu, in ya kai 11.1 kuma yana da alamomi, an shiga ciwon suga. Sai ta fara jero min tambayoyi: kina yawan shan ruwa? Sau nawa kike tashi da dare? Idonki fa? In kin ji ciwo yana saurin warkewa? Kamar tana karanta min shekara biyun da suka wuce daga wani littafi. Na ce mata duk haka ne. Ta gyaɗa kai ta ce, “Malama, ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan tarin baƙo ne. Mai gidan shi ne wannan.” Ta ɗan buga na'urar da yatsa.

Likita ya ce tarin fuka kansa yana iya ɗaga suga na ɗan lokaci, don haka aka ƙara wani gwajin jini da ke nuna yadda sugan mutum ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce. Daga kashi 6.5 ake cewa akwai ciwon. Nawa ya haura 11. Babu sauran musu.

A watannin da suka biyo baya na zama ɗaliba, ina tambaya ina rubutawa a bayan katina. Na koyi cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a duniya ya taɓa shaƙar ƙwayar tarin fuka ta zauna a jikinsa, amma garkuwar jiki takan killace ta, ta yi barci, mafi yawan mutane har su mutu ba ta tashi ba. Cikin masu ɗauke da ita, biyar zuwa goma ne cikin ɗari suke kamuwa da ciwon a tsawon rayuwarsu. Abin da ke tashe ta shi ne raunin garkuwa: ƙanjamau, yunwa, taba, giya, da ciwon suga. Mai suga ya fi wanda ba shi da shi haɗarin kamuwa ninki biyu zuwa uku, domin sugan da ya yi yawa a jini yana kasalar da ƙwayoyin jinin da aikinsu ke nan su haɗiye cuta. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa gwada suga ga mai tarin fuka, a kuma riƙa tambayar mai suga ko yana tari. Wannan shawarar ce ta iso yatsana a wannan rana. Wataƙila ƙwayar ta shekara ashirin a ƙirjina tana jira. Wataƙila kuma sabuwa ce na shaƙa a mota ko a taro. Ko wacce ce, ta tarar da ƙofa a buɗe.

Komawa gida ya fi zaman asibiti wuya. Maigida ya yi ƙoƙari, ban taɓa ganin ƙyama a fuskarsa ba, amma na ga tsoro. Aka ware min ɗakin da ya fi iska, taga a buɗe dare da rana, ina sa takunkumi in zan fito. Sai maganar Inna. Wata uku ina tari a kanta, ina sunkuyawa fuskata dab da tata ina ba ta abinci. Na tsaya daga bakin ƙofarta na gaya mata ƙanwata za ta zo ta karɓe ni na ɗan lokaci. Maganarta ba ta fita sosai tun bayan shanyewar, amma na ji ta sarai. Ta ce, “Shekara biyar kina ɗauke da ni ba ki guje ni ba. Ni zan guje ki? Shigo.” Ta miƙo hannun hagu. Ban shiga ba. Na tsaya ina kuka, tana kuka, na ce, “Inna, don Allah ki yi haƙuri, mako biyu zuwa uku ne kawai, in maganin ya kama jiki zan dawo.” A duk rashin lafiyar nan babu abin da ya yi min nauyi kamar ƙin kama wannan hannun.

An gwada mutanen gidan gaba ɗaya. Alhamdulillahi babu wanda ciwon ya kama, har Inna. Autata mai shekara huɗu aka ɗora ta a kan maganin kariya na watanni, domin yara 'yan ƙasa da shekara biyar in sun shaƙa, ƙwayar tana saurin zama ciwo a jikinsu, har ta iya hawa ƙwaƙwalwa. Tana da tabon allurar BCG ta rigakafin tarin fuka a kafaɗa, na nuna wa nas ina cewa ai an yi mata. Ta ce allurar tana kare ƙananan yara daga munanan nau'o'in ciwon, amma ba ta hana shaƙar ƙwayar, a ba ta maganin.

Makaranta kuwa, kwana biyu ina kokawa da zuciyata. Wata abokiyar aiki ta ce in nemi hutu kawai in ce taifot ne, kada in jawo wa kaina suna. Na fahimce ta, nufinta alheri. Amma fuskar yarinyar bencin gaba ta hana ni barci. Na kira shugabar makaranta na gaya mata komai. Ma'aikatan lafiya suka zo suka duba yaran ajina, suka tambayi iyaye game da tari da rama da zazzaɓi. Ba a samu mai ciwon ba a lokacin. Wasu iyaye sun yi fushi, uba ɗaya ya cire ɗansa daga makarantar, kuma ba zan ce bai da hujja ba. Har yau in na haɗu da ɗaya daga cikin yaran nan yana tari, sai gabana ya faɗi, in tsayar da uwarsa in tambaye ta kwana nawa.

Maganin tarin fuka wata shida ne. Wata biyun farko magunguna huɗu ne a dunƙule cikin ƙwaya ɗaya: isoniyazid, rifamfisin, firazinamid da etambutol. Wata huɗun ƙarshe biyun farko kaɗai. Ana sha da sassafe ciki babu komai, yawan ƙwayoyin gwargwadon nauyin mutum. An gargaɗe ni fitsarina zai koma ja kamar ruwan lemo, har hawaye da zufa, don haka ban firgita ba. Abin da ya wahalar da ni shi ne haɗuwar cutukan biyu a wurin magani. Rifamfisin yana sa hanta ta riƙa saurin narkar da wasu ƙwayoyin suga, irin su gilibenkilamid, sai su rasa ƙarfi. Don haka likita ya ba ni metfomin ya haɗa min da allurar insulin. Na ƙi da farko. A unguwarmu in aka ce an kai mutum ga allura, ana nufin ya kusa. Likitan ya yi min bayani a natse cewa insulin abu ne da jikina ke yi da kansa, ya gaza ne ake ƙara masa, kuma muddin suga na sama, tarin zai yi jinkirin mutuwa.

Daren farko na zauna a bakin gado da allurar a hannu kusan rabin awa. Na tsunkuli fatar cikina kamar yadda aka koya min, na saki, na sake tsunkula. Babbar 'yata tana tsaye a taga daga waje tana haska min. Ta ce, “Umma, in kira Baba?” Na ce a'a. Na yi bisimilla na soka. Ko zafin cizon sauro bai kai ba. Na ƙirga goma kafin in zare, kamar yadda aka ce. Bayan kwana biyar na yi barci tun daga dare har asuba ban tashi fitsari ba, karo na farko cikin shekara biyu. Na farka na zauna ina mamakin ashe haka mutane suke kwana.

Tafin ƙafafuna sun yi ta zafi da tsira-tsira kamar ina taka ƙaya. Suga na lalata jijiyoyin ƙafa, isoniyazid ma yana taɓa su, shi ya sa ake haɗa wa irinmu da bitamin B6. A ƙarshen wata na biyu aka sake gwada kakina, aka ga har yanzu akwai ƙwayar. Na karaya ƙwarai. Nas ta ce hakan ya fi faruwa ga masu suga da masu rami a huhu, kada in fasa ko kwana ɗaya, za a sake dubawa a wata na uku. Ta gaya min cewa daidai wannan lokacin ne mutane ke gudu, tari ya tsaya, jiki ya dawo, sai su ce sun warke, su dawo bayan wata takwas da ƙwayar da ba ta jin magani, wadda maganinta ya fi tsawo ya fi wahala. Na tuna Inna da maganin hawan jininta. A wata na uku kaki ya fito fes.

Dangi sun zo dubiya, wasu daga bakin ƙofa suke gaisuwa. Wata gwaggon maigida ta sa aka ware min kwano da kofi da cokali, ta ɗaura musu jan zare. Na gaya mata ta iska ake ɗauka, ba ta kwano ko musafaha ba, taga a buɗe ta fi ware kofi amfani. Ta ce ita dai haka ta tashi ta gani. Na bar ta. Na kuma ji raɗe-raɗin da ake yi a kan ramata, cewa wata cuta ce ake ɓoyewa. Wannan ya koya min abin da masu ƙanjamau ke haɗiya kullum, alhali su ma mutane ne masu shan maganinsu suna rayuwa. Amma duk waɗanda suka zo, in na ce musu ai an kuma gano ina da suga, sai su ce, “Au, suga? Wannan ai da sauƙi, wa ya rasa shi yanzu?” Su koma maganar tarin.

Na gama magani a watan Agusta na 2024. Kaki babu komai, nauyi ya koma 63. Nas ta rubuta a katina cewa na warke, ta rungume ni. A gida aka yi ta murna, gwaggo da kanta ta kwance jan zaren. Aka yi ta yi min barka da tashi. Na karɓa da farin ciki, domin ba ƙaramin abu ba ne: a 2023 kaɗai, mutum miliyan 10.8 ne suka kamu da wannan ciwo a duniya, kimanin miliyan 1.25 suka mutu, ciwon da tun 24 ga Maris 1882 likitan Jamus Robert Koch ya bayyana ƙwayarsa a birnin Balin, kuma maganinsa yana nan. Ina cikin waɗanda suka tsira.

Washegarin murnar na tashi da asuba na soki yatsana kamar kullum. Babu katin da za a rubuta min na warke daga wannan. An cire min insulin bayan an daina rifamfisin, na zauna a kan metfomin, ina auna abin da nake ci, na bar lemon kwalba gaba ɗaya, ina tafiyar minti talatin da yamma. Kowane dare ina duba tafin ƙafata da madubi, har tsakanin yatsu, domin akwai wuraren da ba na jin taɓi sosai. Sau ɗaya a shekara ana duba bayan idona da ƙodata. Likitan ido ya riga ya ga 'yan ɗigo-ɗigon jini a idon hagu, ya ce farkon lamari ne, in na riƙe suga da jini zai iya tsayawa nan. Shekarun da na yi ina cewa zafi ne, ido ne, gajiya ce, su suka bar wannan. Daga baya kuma aka ga jinina ya soma zama 150 bisa 95, aka ƙara min amlodifin. Yanzu ni da Inna lokaci ɗaya muke shan namu, in ba ta nata, in sha nawa a gabanta.

Idona ya buɗe a kan layinmu. Tun daga mashaƙon nan mun ga amai da gudawa da damina, mun ga ƙyanda, zazzaɓin cizon sauro kuwa ba ya yankewa. Kowanne in ya zo, ana jin labarinsa kafin azahar, a tafasa ruwa, a nemi gishirin haɗi, a ɗaura gidan sauro. Amma in na ƙirga waɗanda muka rasa a layin cikin shekara uku, manya sun fi yawa, kuma kusan duk da kalma ɗaya ake ba da labarinsu: “faɗuwa ya yi,” “kwanciya ta yi ba ta tashi ba,” “ƙafa ce ta ruɓe,” “ƙoda ce.” Maƙwabciyar nan mai kumburin ƙafa da muka tsaya layi tare tana cikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon suga sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022, fiye da rabinsu ba sa shan magani, masu hawan jini kuma sun haura biliyan ɗaya, kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba. Da na fara jin wannan lissafi, ban ga miliyoyi ba, gidajen layinmu na gani ɗaya bayan ɗaya. Kuma na lura in annoba ta zo, irinmu masu tsagaggen bango take fara kayarwa cikin manya.

Na koma aji. Tagogina a buɗe suke ko ana ƙura. Matan unguwa sun san ina da na'urar awon jini da ta suga, sukan shigo da yamma. Ba na ba kowa magani, ba aikina ba ne. Ina aunawa, in rubuta lambar a takarda, in ce ki kai wa likita, in kuma tana tari in tambaye ta kwana nawa. Wasu suna zuwa asibitin. Wasu takardar tana nan a ƙasan jaka.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne Yayana, wanda nake bi. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ya ba hamsin baya, kuma na ga yadda yake shan ruwa. Shekara guda ina roƙonsa, yana cewa shi ba ya neman ciwo da kansa, in ka tona sai ka samu. Makon jiya ya zo gaida Inna da sassafe, bai karya ba. Na fito da na'urar na ajiye a gabansa ban ce komai ba. Inna ce ta dube shi ta ce, da wannan harshen nata mai nauyi, “Ba ta hannunka. Kada ka yi irin tawa.” Ya miƙo. Ta tsaya a 13.2. Na ce masa, “Yaya, ga wanda bai ci komai ba, daga 7 ake fara magana.” Ya daɗe yana kallon lambar, sannan ya ce wataƙila na'urar ce ta samu matsala. Na ce yana yiwuwa, shi ya sa za mu je a ɗebi jini a tabbatar. Ya ce zai duba lokaci. Na ce masa na riga na nemi izini a makaranta, ranar Talata ƙarfe bakwai zan zo ƙofar gidansa, kada ya ci komai.